Ku Tambayi Mai Zanen Gini: Gidan Fasahar Matasa Da Ba Ya Shan Wuta

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka taru a gabana kusan duk kan magana ɗaya suke, wato yadda za a gina wa matasa wurin koyon zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ba tare da kuɗin wuta ya durƙusar da wurin bayan shekara biyu ba, sai na ce bari in haɗa su wuri guda kawai. Wasu na ɗan datse su saboda fili, masu su a yi min haƙuri.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni ne shugaban wata ƙungiyar matasa, muna da 'yan wasan kwaikwayo da masu zane da makaɗa da 'yan rawa. Allah ya sa mun samu fili kuma wata gidauniya ta ce za ta taimaka amma da sharaɗin ginin ya zama mai tattalin makamashi. 'Yan kwamiti sun ce ai abu mai sauƙi ne, a cika rufi da sola a sa esi kowane ɗaki shikenan. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Haka ake yi?

Amsa: Shugaba, wannan rashin kwanciyar hankalin naka shi ne daidai, ka riƙe shi da kyau. Sola ita ce abu na ƙarshe da ake magana a kai, ba na farko ba, kuma duk wanda ya fara da ita to ruwa yake zubawa a rariya yana murna wai rijiyarsa ba ta ƙafewa.

Bari in ba ka lissafi ɗaya da nake so ka kai wa 'yan kwamitin. Da tsakar rana idan gari ya yi tas babu gajimare, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar zafin rana da ya kai kusan wat 1,000. Rufin da ya kai murabba'in mita 200, wanda ba wani ƙaton gini ba ne fa, kilowat 200 ke sauka a kansa. Tambayar farko kenan ita ce nawa daga cikin wannan zafin za ka bari ya shigo ɗaki, domin duk wanda ya shigo sai ka biya kuɗi an fitar da shi. Rufi mai duhu yana shanye mafi yawansa, fari kuwa yana mayar da fiye da rabi sama, to tun daga launin kwano ka fara cin riba ko asara kafin a ɗaura waya ko ɗaya.

Akwai wani zauren matasa da aka taɓa kira na in duba, ba zan kama suna ba, sabon gini ne fil an kashe masa kuɗi kamar ba gobe, gabansa gilashi ne tun daga ƙasa har sama kuma yana kallon yamma, a hoto kam sai ka ce wani otal. Na shiga da misalin ƙarfe uku na yamma, abin da na tarar shi ne an sauke labule masu kauri an rufe gilashin kaf, an kunna duk fitilu da rana tsaka, esi huɗu suna ta gurnani, 'yan mata kamar goma sha biyar da suka zo gwajin rawa suna zaune a ƙasa sun jingina da bangon baya suna fifita da littattafansu, malamarsu ta ce min ba sa iya komai sai bayan biyar da rabi. Na ɗora tafin hannuna a jikin labulen, wallahi kamar an sauke shi daga kan dutsen guga. Gilashin da aka saya don haske an rufe shi, an sayi wuta don a maye gurbin hasken, an sake sayen wata wutar don a kori zafin da gilashin ya kawo. Sau uku ana biyan kuɗin kuskure ɗaya, kuma kuskuren a kan takarda aka yi shi, ranar da gyaransa bai wuce a goge layi da roba ba. Tun ran gini tun ran zane.

To ga yadda nake so ku bi abin. Ku fara da inda ginin zai fuskanta, dogayen bangwayen su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma, saboda rana idan tana sama ɗan tsawon baki na rufi ko baranda ya isa ya tare ta, amma ranar safe da ta yamma a kwance take zuwa tana leƙowa ta ƙarƙashin kowace rumfa. Bangon yamma ku jera masa sito da banɗaki da matakala, ɗakunan da ba a zama a ciki, su zama garkuwa. In da hali a dasa bishiyoyi a wannan ɓangaren tun kafin a haƙa fandisho, don kafin a gama gini sun ɗan tasa.

Sai rufi, kuma a nan ne nake so ku nemi hotunan makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso ku kalla, wadda Francis Kéré ya zana aka gama a 2001. Kwano ne dai irin wanda kowa ya sani, amma bai ɗora shi kai tsaye a kan ɗaki ba, ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa ya bar sarari tsakaninsa da silin na bulon ƙasa, silin ɗin kuma yana da ƙananan kafofi, iska mai zafi ta cikin aji tana tashi ta fita ta nan, iskar waje tana ratsawa ta ƙarƙashin kwanon tana kwashe zafinsa, mai ɗan sanyi kuma tana shigowa ta tagogi. Kwanon ya zama lema kenan ba murfin tukunya ba. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya ci kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu, kuma ita ce ake ɗauka babbar kyauta a harkarmu.

Abu na uku wanda ya shafe ku musamman, kar ku ɗauki ginin kamar ɗaki ɗaya. Ɗan rawa iska yake so, mai zane haske yake so, makaɗi yana so a toshe ko'ina, mai gyaran bidiyo duhu da sanyi yake so. Mutum a zaune yana fitar da zafin kusan wat 100 daga jikinsa, idan yana rawa zai iya ninka haka sau uku ko huɗu, yara 30 a zauren rawa sun kai kilowat 9 zuwa 12 kenan, murhu ne guda mai ƙafafu. Irin wannan zauren rufi mai tsawo yake so da tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna da wasu kafofin can sama kusa da rufi, da fankoki. Fankar silin wat 50 zuwa 75 take ci, esi mai doki ɗaya da rabi kuwa ya haura wat 1,000, kuma iskar fanka kaɗai tana sa jiki ya ji kamar an rage digiri 2 ko 3. Kafin mai zanenku ya ja layi ko ɗaya ku ba shi jadawalin mako, wa ke zuwa, ƙarfe nawa, su nawa, me za su yi. In bai nemi wannan ba ku ɗan sa masa ido.

Tambaya: Malam ni malamar zane ce, matsalata haske. Idan taga ƙarama ce yara ba sa ganin launi da kyau, idan babba ce zafi ya hana mu zama. Wani ya ce a huda rufi a sa roba mai haske. Ya kake gani?

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari. Robar nan a kwance a rufi ita ce gudun gara a faɗa gidan zago, a ƙasa mai zafi dai, domin ta buɗe wa rana ƙofa daidai lokacin da ta fi ƙarfi. Abin da kike nema hasken sararin sama ne ba ƙwayar ranar kanta ba, shi ya sa tun da daɗewa masu zane a Turai suke son ɗakin da tagarsa ke kallon arewa, hasken yana zuwa a natse, ba ya yawo daga safe zuwa yamma kuma ba ya jefa inuwa mai kaifi a kan takarda. Wanda ke kudu da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, sai ya juya maganar, tasa tagar ta kalli kudu. Waɗanda ke kusa da layin kuma su sani akwai watannin da rana ke bi ta arewacinsu, don haka ko tagar arewa sai an yi mata ɗan baki a sama.

Tsawon taga ya fi faɗinta amfani. Haske yana shiga cikin ɗaki kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman tagar daga ƙasa, wato in saman tagar yana mita 3 to za ki samu haske mai kyau har mita 6 ko 7 ciki, bayan nan sai duhu-duhu. In ɗakin ya fi haka zurfi sai a ɗaga wani ɓangare na rufin a sa tagogi a tsaye can sama. Bango da silin a yi musu farin fenti, na san yara za su so a yi ja da shuɗi da rawaya don wurin fasaha ne, a bar musu bangon waje da na baranda su yi yadda suke so, amma cikin ɗakin zane bango mai launi yana rina hasken ya ɓata miki duk abin da kike koya musu.

Na dare kuma ki sa a sayo ƙwan LED, yana rage aƙalla kashi 75 cikin ɗari na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke ci, sai dai ki duba jikin kwalin akwai wata lamba da ake rubuta wa CRI, ita ke nuna yadda ƙwan ke fito da launi na gaskiya, ke naki ya zama 90 ko sama. Na ƙasa da haka jan yaro zai koma kamar ruwan ƙasa ya yi ta ƙara fenti yana mamaki.

Tambaya: Yaya ina wuni. Mu ne 'yan sutudiyo na cibiyarmu. Mun manna soso da kwalin ƙwai a bango ko'ina amma har yanzu 'yan wasan kwaikwayo na ɗakin kusa suna cewa gangarmu ta hana su aiki, mu kuma in mun rufe ƙofa minti talatin kai ya fara ciwo. Mene ne mafita?

Amsa: Ƙanena, ka ba ni dariya da kwalin ƙwan nan, kuma ba ku kaɗai ba ne, duk duniya ana yi. Abu biyu kuka haɗa waɗanda ba ɗaya ba ne. Soso yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, wato yana gyara yadda ku kuke jin kanku, amma ba ya hana ƙara fita, kwalin ƙwai kuwa ko na farkon ma ba ya yi sosai, ga shi da soso marar inganci abincin gobara ne, ku cire su don Allah. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da toshe kafa. Duk lokacin da ka ninka nauyin bango sau biyu kana rage ƙarar da ke ratsa shi da kamar desibel 5 zuwa 6 ne kawai a ma'aunin ƙarfin sauti, shi ya sa bango biyu masu sarari a tsakani waɗanda ba sa taɓa juna suka fi bango ɗaya mai kauri aiki. Sannan ƙara kamar ruwa take, in akwai tsaga a ƙarƙashin ƙofa da yatsa zai shiga to ta nan za ta bi, duk kaurin bangonka ya tashi a banza. Ƙofa biyu ake yi masu nauyi da ɗan lungu a tsakaninsu, kowace da roba a gefenta. Ka kuma leƙa saman silin, sau da yawa bangon da ke tsakanin ɗakuna iyakarsa silin, sama duk a haɗe yake, ganga tana hawa ta tsallaka ta sauka kan maƙwabta.

Ciwon kan kuma ba aljanu ba ne, numfashinku ne. Iskar waje tana da iskar kabon kamar 420 cikin miliyan, ɗaki a toshe da mutum biyar ko shida suna waƙa cikin ɗan lokaci zai wuce 1,000 ya nufi 2,000, daga nan sai kasala da hamma da nauyin kai. Kuma ka sani esi irin na bango ba ya kawo sabuwar iska, ta cikin ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta, mutane da yawa ba su san haka ba. Dole a yi wa ɗakin hanyar shigar iska da ta fita, bututu mai lanƙwasa biyu ko uku wanda aka shimfiɗa wa abin shanye sauti a ciki, da 'yar ƙaramar fanka marar ƙara, iska ta bi lanƙwasar ta wuce, ƙara kuma ta mutu a hanya.

To a nan ne nake yarda da esi ɗari bisa ɗari. Sutudiyo da ɗakin kwamfutoci su ne ɗakunan da ba za a iya buɗe wa taga ba, su a yi su ƙanana, a sa su a ɓangaren da rana ba ta duka, a lulluɓe su da abin hana zafi shiga, a ba su esi mai inbata a saita shi a 25 ko 26, ba 16 ba kamar ana ajiye kifi. Ragowar ginin ya sha iskar Allah. In sabon gini ne ma sai a ware sutudiyon can gefe guda, a sa sito ko tsakar gida tsakaninsa da masu son shiru, tazara ita ce abin tare ƙara mafi arha.

Tambaya: Injiniya mai zanenmu ya kawo shawarar bulon ƙasa, iyayen yara suka ce ba za a mayar da 'ya'yansu baya ba, siminti suke so. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Kowa da tasa, amma na fi karkata ga mai zanen, da sharaɗi. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, kauri kamar santimita 30 zuwa 40 yana iya jinkirta zafin awa takwas ko fiye kafin ya iso ciki, lokacin yara sun tashi, da dare sai a buɗe kafofin sama iskar dare ta wanke shi ya wayi gari da sanyi. Wannan dabarar ta ajiye sanyin dare ba ta ƙauye kaɗai ba ce, ginin Eastgate da ke Harare a Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, kantuna ne da ofisoshi a tsakiyar birni, da dare fankoki ke tura iska mai sanyi ta cikin kankaren benen, da rana kankaren ya riƙa shanye zafi, iska mai zafi ta fice ta bututun da ke kan rufi. Ga shi kuma yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, bulon ƙasa da aka matse da inji kuwa ɗan kaɗan ake sa masa.

Sharaɗin shi ne dare ya kasance yana sanyi. A wurin da ke da laima sosai, dare da rana kusan zafi ɗaya, bango mai nauyi ba ya samun lokacin hucewa, can gini marar nauyi mai yawan tagogi da inuwa ya fi. Sannan ƙasa ba ta shiri da ruwa, a ɗaga ta a kan fandisho na dutse ko kankare, bakin rufi ya fito sosai ya kare ta, a gwada ƙasar kafin a fara buga bulo. Iyaye kuma ba da baki ake shawo kansu ba, a gina ɗaki ɗaya na gwaji ko da na maigadi ne, a kira su da ƙarfe biyu na rana su shiga su fito.

Tambaya: An ba mu wani tsohon sito kyauta. Mu rushe mu yi sabo ko mu gyara?

Amsa: In injiniyan gini ya duba ya ce ƙashinsa lafiya, ku gyara. Makamashin da aka ƙona wajen yin bulo da rodi da simintinsa an riga an biya, rushewa zubar da shi ne. Kuma tsofaffin sito suna da abin da sabon gini ke wahalar samu, tsawon rufi da fili ba ginshiƙai. Roundhouse da ke Landan an gina shi a 1847 don juya kawunan jirgin ƙasa, yau wurin wasanni ne, tun da aka sake buɗe shi a 2006 yana da ɗakunan koyon kiɗa da harkar rediyo da bidiyo na matasa a ƙasansa. Kuɗinku ku zuba a rufin, ku duba ko tsohon rufin na asbestos ne, wato wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, in shi ne kar yaro ko ɗaya ya taɓa, ƙwararru ake kira.

Tambaya: Malam ni karatu ya kawo ni ƙasa mai sanyi, muna da ƙungiyar matasa a nan, duk bayaninka na zafi ne. Mu fa?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya ba da sa'ar karatu. Hankalin ɗaya ne an juya shi, ku zafi kuke so ku tsare a ciki. Ka nemi bayanin tsarin da ake kira Passivhaus, gidan farko an gina shi a Darmstadt ta Jamus a 1991, ƙa'idarsa ita ce ɗumama gini kar ya wuce kilowat-awa 15 a kowane murabba'in mita a shekara, ana samun haka ne da abin hana zafi fita mai kauri, taga mai gilashi uku, toshe duk wata kafa, da na'urar da ke karɓe ɗumin iskar da ke fita ta ba wadda ke shigowa. In kuna arewa da layin ikwaita, ku manyan tagoginku kudu za su kalla don ranar hunturu ta shigo. Zafin 'yan rawa da na ce matsala ne a wani wuri, ku dukiya ne, akwai wani wurin wasanni a Glasgow mai suna SWG3 da ya fara tun 2022 tara zafin jikin masu rawa yana tura shi cikin ramuka masu zurfi a ƙarƙashin ƙasa, a jawo shi daga baya a ɗumama ginin.

Tambaya: Ruwa fa? Masu zane da masu ginin tukwane suna shan ruwa sosai.

Amsa: Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufi mai murabba'in mita 300 a wurin da ake samun milimita 600 a shekara lita 180,000 kenan, cire ɗan abin da zai zube. Cibiyar masu fasaha ta Thread da ke Sinthian a Senegal, wadda Toshiko Mori ta zana aka buɗe a 2015, rufinta na ciyawa an lanƙwasa shi ne musamman don ya tattara ruwan sama ya zuba a ma'ajiya. Ku dai ku sa ruwan farko ya zube waje don shi ke wanke ƙurar rufi, ku rufe tanki saboda sauro, wurin wanke buroshi da laka kuma a yi masa ɗan akwati a ƙarƙashi inda laka za ta kwanta, in ba haka ba wata uku bututu ya toshe.

Tambaya: To Injiniya mun ji, sola ce ƙarshe. In an zo ƙarshen, farantin sola nawa za mu saya da batir nawa?

Amsa: Hajiya ba zan iya ba ki lamba ba sai na ga kayanku, amma ga yadda ake lissafin ki gwada da kanki. Faranti mai wat 400 a wurin da ke samun awa biyar na rana mai ƙarfi zai ba da kilowat-awa 2 a takarda, a zahiri ki ɗauka 1.5, saboda ƙura da asarar waya da inbata, ga shi farantin kansa ba ya son zafi, duk digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, shi ya sa ake barin sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa.

Ɗauki gini na farko irin na 'yan kwamitin Shugaba, esi takwas kowane kilowat 1.2 awa shida a rana, kusan kilowat-awa 58 kenan, ƙara fitilu da kwamfutoci da sifiku ya kai 64, faranti 43. Gini na biyu mai esi ɗaya a sutudiyo, kilowat-awa 7, fanka 16 masu wat 60 awa takwas, kusan 8, ƙwan LED 40 masu wat 12 awa huɗu, kusan 2, laftof goma da kayan sauti kamar 4 da rabi, duka bai wuce 22 ba, faranti 15. Yara ɗaya, aiki ɗaya, bambancin faranti 28, kuma batir da inbata ma haka za su ragu. Ƙiyasi ne fa, amma ya nuna miki inda kuɗin yake.

Batir shi ne mai tsada kuma shi ke fara mutuwa, faranti yana kai shekara 25, batir da inbata za a canza su a hanya, don haka tun yau a buɗe musu asusu ana ɗan jefa wani abu, gidauniya gini take bayarwa ba ta dawowa bayan shekara takwas ta sayi batir. Batir mai ruwa ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, na litiyam ana shan kusan duka, ki tuna da wannan in mai sayarwa yana gwada miki girma da girma. Hanya mafi sauƙi ta rage batir kuwa jadawali ne, duk wani aiki mai cin wuta a yi shi rana na sama, tura ruwa tanki, cajin kyamarori, gyaran bidiyo. Tandun gasa tukwane na lantarki shi kaɗai zai iya jan kilowat 7 zuwa 10 na awanni, shi kam kar a ɗora shi kan batir ko da wasa, a sa shi a rumfa a waje ya sha layinsa daban. Fitilun dandamali ma a duba, tsoffin nan na halojin kowace wat 500 zuwa 1,000 take ci kuma tana gasa ɗan wasa, na LED sun yi ƙasa da haka nesa.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowace cibiya ta yi, mitar da ke nuna wutar da ake ci da wadda sola ke bayarwa kar a ɓoye ta a sito, a kafa ta a bakin ƙofa daidai tsayin idon yaro ɗan shekara goma sha biyu, kowane mako a ba rukuni ɗaya aikin rubuta lambar a allo da goge faranti da sassafe kafin su yi zafi, da buɗe tagogin sama in an tashi. A wata cibiya da aka yi haka na ga 'yan kiɗa da 'yan rawa suna musu a gaban allon kan wa ya bar fanka a kunne ranar Laraba, har aka je aka ɗauko littafin sa hannu.

Wasiƙar mai tambaya kan katakon daɓen zauren rawa da ta mai son a yi lambu a kan rufi sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, mai lambun kafin nan ka aiko min da kaurin kankaren rufinku da shekarar da aka zuba shi.